Injin ƙanƙarata ya koma ba da rabin abin da ya saba, kuma sau biyu ana ƙara masa gas

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sanyi a cikinku, domin al'amarin ya fara fin ƙarfina. Ina da injin ƙanƙara na kasuwanci, irin wanda yake zubo ƙananan ƙanƙara masu kusurwa huɗu a cikin ma'ajiyar da ke ƙarƙashinsa, kuma takardarsa ta ce yana yin kilo 230 a cikin awa 24. Shekararsa uku a hannuna. A da, idan muka tashi da dare muka bar shi yana aiki, da safe sai mu tarar da ma'ajiyar ta cika har injin ya tsaya da kansa, amma yau wata biyu ke nan da kyar take wuce rabi. Na kira mai gyara, ya ɗora geji, wato na'urar auna matsin gas, ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara. Ban ga wani sauyi ba. Bayan mako uku ya dawo ya sake ƙarawa, ya ce idan wannan bai yi ba to kwamfuresa, wato na'urar da take matsa gas ɗin tana zagayawa da shi, ita ce ta gaji, sai dai a canza ta. Kafin in amince da aiki mai nauyi irin wannan, ina so in ji daga bakin masu sani: shin akwai abin da ya kamata a duba wanda ba a duba ba?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne kada a sake ƙara wa injin nan gas, kuma kada a taɓa kwamfuresa tukuna. Na daɗe ina wannan aiki, kuma mafi yawan injinan da aka kira ni a kansu saboda ƙarancin ƙanƙara, matsalarsu tana wajen ruwa ne ko wajen iska, wato wuraren da mai inji zai iya gani da idonsa ba tare da geji ba.

Sai dai "ta wuce rabi" ba awo ba ne, kuma ba za mu iya gyara abin da ba mu auna ba. Injin irin naki yana aiki ne zagaye bayan zagaye, kuma kowane zagaye kashi biyu ne. Da farko famfo yana kwararo ruwa a kan faranti mai sanyi har ƙanƙara ta cika ramukansa, wannan shi ne lokacin daskarewa. Daga nan sai wani bawul ya buɗe, gas mai zafi daga kwamfuresa ya shiga bayan farantin, ƙanƙarar ta saki ta faɗa ma'ajiya, wannan kuma lokacin saki ke nan. Ki sa a cire murfin gaba, a bar zagaye biyu su wuce, sannan a riƙe agogo a kan uku na gaba. A rubuta mintocin daskarewa daban, na saki daban, a tare ƙanƙarar kowane zagaye a roba a ɗora ta a sikeli. A auna zafin iskar da take shiga injin, da zafin ruwan da yake shigarsa. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran muhimmanci a wurina, a tsaya a kalli farantin daf da lokacin saki, a gaya mana inda ƙanƙarar ta yi kauri, da inda ta yi siriri, da inda babu ita sam.

Nura:
Malam, Allah ya ƙara girma. Ni almajiri ne a wannan sana'a, shekarata biyu kacal, amma ina da tambaya. Tunda mai gyaran ya ɗora geji ya ga matsin ya sauka, ashe ba alamar ƙarancin gas ba ce? Kuma tunda aka ƙara aka ga babu sauyi, ni a ganina akwai inda yake yoyo, gas ɗin yana fita kamar yadda ake zuba shi. Me zai hana a fara da neman yoyon?

Malam Isiyaku:
Tambayarka tana kan hanya, Nura, kuma ba na cewa babu yoyo. Amma ka riƙe abu biyu. Gas ɗin sanyi ba fetur ba ne da zai ƙare da aiki, a rufe yake zagayawa, saboda haka duk wanda ya ce ya ragu to wajibi ne ya nuna inda ya fita, ya toshe, kafin ya zuba wani. Na biyu, a injin ƙanƙara matsin ɓangaren tsotsa, wato inda gas yake komawa kwamfuresa, ba ya tsayawa wuri guda. Yana farawa da ɗan tsawo a farkon daskarewa lokacin da ruwa yake da ɗumi, yana sauka a hankali yayin da ƙanƙara take kauri, har ya kai ƙasansa daf da saki. Wanda ya saba da firji ko na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗora geji a ƙarshen zagaye, zai iya ganin adadin da yake daidai ya ɗauka ƙaranci ne. Bugu da ƙari, gas ɗin ƙananan injinan nan kaɗan ne kuma a aune yake, har abin da yake tafiya a cikin tiyon geji duk lokacin da aka ɗora aka cire yana rage shi. Shi ya sa geji yake zama mataki na ƙarshe a wurina.

Hajiya Rabi:
Malam Isiyaku, na gode ƙwarai. Yau da rana na zauna gaban injin da kaina tare da yaron da yake taimaka mini, muka yi yadda ka ce. Daskarewa ta ɗauki minti 24 a zagaye biyu, 25 a na uku. Saki kuwa minti 3 ne cif, kuma na lura ƙanƙarar ba ta faɗowa gaba ɗaya kamar da: gefe guda yana sakin farantin, ɗaya gefen ya maƙale yana narkewa, sai daga baya ta zame. Nauyinta kilo 2 da giram 100. Zafin iska a gefen injin digiri 36 ne, ruwan kuma 29.

Game da farantin, kaurin ƙanƙarar daga sama zuwa ƙasa kusan ɗaya ne, sai dai a ɓangaren dama akwai layi biyu a tsaye, tun daga sama har ƙasa, waɗanda ramukansu rabi kawai suke cika, kuma ƙanƙarar wurin fara ce kamar alli maimakon garau. Da na leƙa bututun da yake saman farantin, mai ƙananan huji da ruwa yake fitowa, na ga wani farin ɓawo ya toshe wasu daga cikin hujin, kuma da na kankara da farce sai na ji shi da tauri.

Injiniya Balarabe:
Hajiya, sannu da ƙoƙari, wannan awon ya fi duk wani zato amfani. Bari mu yi lissafinsa a fili domin kowa ya iya maimaitawa a kan nasa injin. Yini guda minti 1,440 ne. Zagayenki minti 27 ne idan aka haɗa daskarewa da saki, wato kusan zagaye 53 a yini. Idan aka ninka da kilo 2.1, za a samu kimanin kilo 112. Saboda haka idonki bai yaudare ki ba, rabi ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu domin kada ki sa ran abin da ba zai samu ba. Adadin da kamfanoni suke bugawa da manyan baƙaƙe, kamar kilo 230 ɗin nan, galibi an same shi ne a iska mai digiri 21 da ruwa mai digiri 10. Akwai awo na biyu na cibiyar AHRI ta Amurka, wanda ake yi a iska mai digiri 32 da ruwa mai digiri 21, kuma a wannan awon inji ɗaya yakan ba da abin da ya gaza na farko da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke kuma ɗakinki ya fi wannan ma zafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Domin a mayar da kilo ɗaya na ruwan da ya riga ya kai digiri sifiri zuwa ƙanƙara, sai an zare masa zafi kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), kuma kafin nan kowane digiri ɗaya da za a sauke shi yana cin kimanin kilojul 4.2. Ruwa mai digiri 10 yana bukatar 376 ke nan gaba ɗaya, naki mai digiri 29 kuwa yana bukatar kusan 456, ƙarin kashi 21 cikin ɗari tun kafin a yi maganar iska. Ita kuma iska mai zafi tana hana kwandensa, wato jerin siraran ƙarafan da fanka take hura wa iska, fitar da zafin da aka zaro, matsi ya hau, kwamfuresa ta riƙa tura gas kaɗan da wahala mai yawa. A ƙiyasina, ko injin nan yana da cikakkiyar lafiya, a ɗakin nan abin da zai ba ki yana tsakanin kilo 165 da 175. Ki duba littafin injin, akwai jadawalin da yake nuna tsawon zagaye a kowane zafin iska da na ruwa, shi ne alƙali. To giɓin da muke nema kusan kilo 60 ne, ba 118 ba.

Malam Ɗanjuma:
Ni ɓangaren wuta na sani, kuma ina ganin bai kamata a tsallake shi ba. Hajiya, ki sa a karanta ƙaramin allon ƙarfen da yake manne a jikin injin. Zai nuna ƙarfin wutar da yake bukata, da ko na wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa ne ko mai 60 (wato Hz, ba zagayen ƙanƙara ba), da irin gas ɗin da ke ciki da nauyinsa. Injin da aka ƙera domin wuta mai zagaye 60, idan aka sa shi a mai 50, kwamfuresarsa za ta riƙa juyawa da biyar cikin shida na saurinta, ƙanƙara ta ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma babu wankin da zai gyara wannan. Haka nan a auna wutar a bakin injin yayin da kwamfuresa take aiki, ba lokacin da take tsaye ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ta kauce wa abin da ke kan allon da fiye da kashi 10 cikin ɗari. A kuma kalli fankar kwandensa, domin idan kapasitarta, wato ƙaramar na'urar da take ba motarta ƙarfin juyawa, ta raunana za ta ci gaba da juyawa, mutum ya ga kamar lafiya lau, alhali iskar da take ja ta ragu sosai.

Hajiya Rabi:
Malam Ɗanjuma, an duba. Allon ya nuna zagaye 50, wanda ya yi daidai da wutar da muke samu, gas ɗin kuma R404A ne. Mai aikin wutarmu ya auna yayin da injin yake aiki, ya ce tana cikin iyaka, kuma fankar tana da ƙarfinta. Amma da ya cire ragar gefe domin ya ga fankar, sai muka tarar da kwandensar ta toshe da ƙura kamar an shimfiɗa mata bargo, ba a ganin ƙarfen ko kaɗan. Ina jin nauyin faɗa, amma tun da aka kafa injin ba a taɓa buɗe wurin ba, kuma mai gyaran da ya zo sau biyu bai buɗe ba.

Malam Isiyaku:
To, Hajiya, yanzu mun samu abu biyu a hannu, kuma awonki ya wanke gas daga zargi, aƙalla zargin ƙaranci. Nura, ka lura da wannan da kyau. Bututun gas yana bin bayan farantin ne a kwance, yana lanƙwasa daga layi zuwa layi, saboda haka idan gas ya yi ƙaranci, ko bawul ɗin da yake rarraba shi ya shaƙe, ƙanƙara za ta yi kauri a inda gas yake shiga, ta yi siriri ko ta ɓace a inda yake fita, wanda a injina da yawa saman farantin ne. Aibin gas a kwance yake bayyana. Ruwa kuwa daga sama yake gangarowa, don haka aibinsa a tsaye yake bayyana, kamar layi biyun da Hajiya ta gani a ƙarƙashin hujin da suka toshe.

Farin ɓawon nan ma'adinan ruwa ne, galibi sinadarin alli. Lokacin da ruwa yake gudana a kan faranti, tsantsar ruwan ce take fara daskarewa, ma'adinan su koma cikin kwamin ruwa da ke ƙarƙashin farantin su yi ta taruwa, shi ya sa injin yake zubar da wani kaso na ruwan kwamin a kai a kai. Duk da haka wani abu yana manne wa faranti, ya sa fuskarsa ta yi kaushi, ƙanƙara ta riƙe shi ta ƙi saki. Minti ukun da kika gani ya kamata ya zama ɗaya da rabi ko biyu, kuma duk daƙiƙar da ta ƙaru ƙanƙarar da kika riga kika biya wutarta ce take narkewa.

A fara da kwandensa. A kashe injin daga soket, a share ƙurar da buroshi mai laushi ana bin tsawon siraran ƙarafan, kada a gitta su domin suna lanƙwashewa, sannan a hura iska daga ciki zuwa waje. A haska tocila ta baya, idan haske ya ratsa ko'ina to ta fita. A sake awo kafin a taɓa komai, domin mu san abin da kowane gyara ya kawo.

Bayan haka sai wankin ɓangaren ruwa. A kwashe ƙanƙarar ma'ajiya duka, a yi amfani da sinadarin wankin injin ƙanƙara bisa adadin da littafin ya faɗa. A nan akwai hatsari: faranti mai ramuka irin naki yawanci jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da nikel, kuma asid mai ƙarfi yana cinye wannan lulluɓin. Sai an ga an rubuta a jikin robar cewa bai cutar da nikel. Wasu injinan, kamar na Hoshizaki masu ƙanƙara mai siffar jinjirin wata, farantinsu na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, amma naki ba irinsu ba ne. Kada kuma a sa wuƙa ko sukundireba ko soson ƙarfe a jikin farantin, domin idan nikel ya ɓare, ƙanƙara ba za ta ƙara saki da kyau ba har sai an canza farantin, wanda yana cikin mafi tsadar kayan injin. A ciro bututun sama da labulen roba da ɗan ƙarfen da yake auna kaurin ƙanƙara, a jiƙa su daban. Idan an mayar, a daidaita kaurin yadda siririn haɗin da yake tsakanin ƙanƙara da 'yar'uwarta zai zama kamar milimita 3.

Malama Zainab:
Yaya Rabi, ni ma ina da irin wannan inji, kuma ina so in ƙara gargaɗi ɗaya a kan bayanin Malam. Wanki mataki biyu ne: sinadarin da yake narkar da ɓawo, sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda sau da yawa yana ɗauke da kulorin. Kada a taɓa haɗa su, ko a zuba na biyu kafin a ɗauraye na farko sosai, domin asid da kulorin idan suka gamu suna fitar da iska mai guba, ga shi kuma mutum ya sunkuyar da kansa cikin injin. A sa safar hannu, a buɗe ƙofa da taga, a kuma zubar da ƙanƙarar zagayen farko bayan wanki. Kamfanin Manitowoc yana cewa a yi irin wannan wanki aƙalla duk wata shida, kuma inda ruwa yake da ma'adinai da yawa ba ya kai haka. Ki duba matatar ruwan ma. Idan ta toshe, kwamin ba zai cika a kan lokaci ba. Kuma matatar gawayi wari da ɗanɗano take cirewa, ba ta hana ɓawo, sai an samu wadda aka yi domin hakan.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka muku da alheri. Ga abin da ya faru cikin kwana biyun nan. Bayan share kwandensa kaɗai, daskarewa ta sauko daga minti 24 zuwa 20, saki yana nan a 3, wato kimanin kilo 131 bisa lissafin Injiniya. Jiya muka yi wankin ruwa, sai da muka maimaita sau biyu kafin ɓawon ya fita, muka kuma canza matata. Yanzu ruwa yana sauka a kan farantin kamar labule ɗaya, layin nan biyu sun cika, kuma ƙanƙarar tana faɗowa gaba ɗaya a cikin minti ɗaya da rabi, da ƙarar da na manta rabon da in ji ta. Daskarewa minti 19 ce, nauyi kilo 2 daidai bayan an rage kaurin, abin da ya ba ni kilo 140. Na ji daɗi, amma jadawalin littafin ya nuna cewa a irin zafin ɗakina daskarewa ba za ta wuce minti 15 zuwa 16 ba. Ina sauran mintocin suke tafiya?

Nura:
Malam, yanzu da aka gama da iska da ɓawo, ashe ba lokacin duba bawul ɗin gas mai zafi ya yi ba? An koya mini cewa idan bai rufe ruf ba, yana sakin ɗan zafi cikin faranti a lokacin daskarewa, injin ya riƙa sanyayawa da hannu ɗaya yana ɗumamawa da ɗayan. Kuma ana iya ganewa ba tare da geji ba: bayan minti biyar da fara daskarewa, bututun da yake shiga bawul ɗin zai yi zafi, wanda yake fita kuwa ya kamata a ji shi da sanyi. Idan shi ma ya ɗauki zafi, to bawul ɗin yana zurara.

Malam Isiyaku:
Madalla, Nura, haka ne, kuma a yi wannan gwajin, sai dai mai gyara ne zai yi shi ba Hajiya ba, saboda wurin akwai wayoyin wuta kuma bututun yana iya ƙona hannu. Amma akwai wani bawul da yake yin irin wannan ɓarna, wanda ya fi saurin lalacewa a injin da ɓawo ya kama, shi ne bawul ɗin shigar ruwa. Aikinsa ya cika kwami ya rufe. Idan ɗan tsakuwa ko ɓawo ya maƙale a bakinsa, ruwa mai digiri 29 zai ci gaba da ɗiga cikin ruwan da injin ya sha wahala ya kai kusa da sifiri, rarar kuma ta malala ta bututun zubarwa, wato ruwan sanyi yana fita na ɗumi yana shiga har zagayen ya ƙare. Bawul ɗin zubarwa ma idan bai rufe ba sakamakon ɗaya ne.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. Hajiya, a raba bututun zubar da ruwan injin da na ma'ajiya, a sa roba a ƙarƙashin na injin a tsakiyar daskarewa. A wannan lokaci bai kamata a ga ruwa yana fita ba. Sannan a wani zagayen, da zarar kwamin ya cika kuma ruwa ya fara gudana a kan faranti, a rufe famfon da yake kawo wa injin ruwa, a riƙe agogo, a tsaya a wurin kada kwamin ya ƙafe famfon ciki ya ja iska, a buɗe da zarar saki ya fara. Idan mintocin sun ragu, an kama ɓarawon.

Hajiya Rabi:
Malam, gani ya kori ji. Na sa roba a ƙarƙashin bututun, sai ga ruwa siriri kamar zare yana zuba ba ƙaƙƙautawa, kuma da na tara hannu sai na ji shi da sanyi ƙarara, har yatsuna suka ɗauka. Watanni ke nan ina jin wannan ƙarar a bayan injin ina ɗauka haka yake aiki. Da muka rufe famfon waje, ɗigar ta tsaya, daskarewa ta ƙare a minti 16 da rabi. Na samu wani mai gyaran dabam, ya cire bawul ɗin shigar ruwa, ya nuna mini robar cikinsa ta taurare kuma farin ɓawo ya zagaye bakinta. Ya sa sabo. Ya taɓa bututun da Nura ya ambata, ya ce da sanyinsa. Yanzu zagaye minti 18 ne, kilo 160. Sai dai ya ce matsin ɓangaren turawa, wato inda gas yake fita daga kwamfuresa, ya fi abin da littafin ya nuna, ko da yake kwandensa a wanke take, kuma yana so ya kwashe gas ɗin duka ya sake zubawa. Bayan abin da ya faru a baya, gabana yana faɗuwa da duk maganar gas. In bari?

Injiniya Balarabe:
Ki bari, Hajiya, wannan karon maganar tana da hujja. Sau biyu aka ƙara gas a injin da bai rasa gas ba, saboda haka yanzu ya yi masa yawa, rarar tana taruwa a cikin kwandensa tana cinye wurin da ya kamata a fitar da zafi. Idan kuma ba a kori iskar cikin tiyo ba kafin a zuba, to iska ta shiga, ita ma tana ɗaga matsi. Babu yadda za a san adadin da ke ciki ta hanyar geji, sai an kwashe an auna. Ki tabbata ya janye gas ɗin cikin tukunya maimakon ya sake shi a iska, ya gwada da nitrojin ko akwai yoyo domin a rufe wannan babin gaba ɗaya, ya canza draya, wato matatar da take tsotse danshi daga gas, idan ya buɗe layin, ya yi bakum sosai, wato ya zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun, sannan ya zuba sabo a kan sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a allon. R404A gauraye ne na gas uku, don haka a ruwansa ake fitar da shi daga tukunya. Ga sauran masu karatu kuma, wasu sababbin injina suna amfani da gas ɗin R290, wanda yake kama wuta, kada wanda bai samu horo a kansa ba ya kusance shi da walda.

Hajiya Rabi:
An yi aikin jiya a gabana. Abin da aka kwashe ya haura abin da ke kan allon, nitrojin ya kwana a ciki matsin bai motsa ba, wato tun farko babu yoyo. Yau daskarewa minti 15 da rabi ce, saki ɗaya da rabi, kilo 2 a kowane zagaye, kimanin kilo 169 ke nan, kuma kwamfuresar da aka ce ta gaji ita ce take wannan aikin. Malam Isiyaku, Injiniya, Malam Ɗanjuma, ƙanwata Zainab da Nura, Allah ya biya ku. Tambayata ta ƙarshe ita ce, tunda sauran giɓin na zafin ɗaki ne da na ruwa, wanne ya kamata in fara magancewa? Injin yana kusurwa, tazararsa da bango ba ta fi faɗin tafin hannu ba, bututun ruwan kuma yana bin bangon waje inda rana take dukansa.

Malam Isiyaku:
Amin, Hajiya. Ki fara da iska, domin ita ce mai sauƙi. A janyo injin daga kusurwar a ba shi tazarar da littafinsa ya faɗa, wadda a yawancin injina ba ta gaza santimita 15 zuwa 20 ba, domin a yadda yake yanzu iskar zafin da ya fitar ita yake sake shaƙa, kuma ina kyautata zaton digiri 36 ɗin da kika auna a gefensa ya fi na tsakiyar ɗakin. A sa fanka mai fitar da iska a saman bangon da ke kusa da shi. Idan an matsar da shi, a ɗora ma'aunin magina a kansa a tabbata bai karkata ba, saboda karkata tana hana ruwa rufe faranti daidai kuma tana jinkirta saki. Bututun kuma a sauya masa hanya ta inuwa, ko a naɗe shi da abin rufe bututu mai hana zafi shiga. Bayan mako guda ki sake awon zagaye uku da tsakar rana, ki rubuta adadin da kwanan wata a takarda, ki manna ta a cikin murfin injin domin a riƙa gwada awon kowane wata da ita.